Ta wuyan hannu ko ta cinya? Yadda ake shiga a sa raga a jijiyar ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, mura ce, Mancesta ba a raba ta da ruwan sama. Yau tambayar wani ɗan uwa daga Zariya zan amsa. An gano mahaifiyarsu tana da kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wato aniyurizim. Bai fashe ba, alhamdu lillahi, suna shirin kai ta Indiya a sa mata raga. Wani likita ya ce musu ta cinya za a shiga, wani ya ce ta wuyan hannu, sai hankalinsu ya rabu biyu. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni nas ce a sashen da ake wannan aikin. Ba ni ke tura waya ba, amma ni ke karɓar majinyaci idan an fito da shi, don haka abin da idona ke gani zan faɗa muku.

Da farko dai ba a fasa ƙoƙon kai. Jijiyar jini ake hudawa da allura, a zura siririyar waya, a bi ta kanta da siririn tiyo, dabarar da wani likitan Suwidin mai suna Seldinger ya fito da ita a 1953. Likita na kallon hoton eksire a allo yana tura tiyon har ya kai cikin kai. Ragar da ake maganar irin mai karkatar da jini ce, saƙa ce ta ƙarfe mai ƙananan idanu, ana shimfiɗa ta a cikin jijiya ta rufe bakin kumburin. Jinin da ke kwarara cikin kumburin sai ya ragu, ya daskare a ciki, a hankali cikin watanni fatar jijiya ta tsiro a kan ragar ta like wurin. Wadda ta fi suna ita ce Pipeline, Amurka ta amince da ita a 2011. Akwai kuma FRED da Silk da Surpass.

To ga inda maganar take. Jini ba ya son baƙon ƙarfe, da ya gan shi sai ya fara yin guda a kansa, guda a jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa shanyewar ɓarin jiki ke nan. Shi ya sa tun kwanaki kafin aiki ake ɗora mutum a kan maganin tsinka jini iri biyu, asfirin da clopidogrel ko wani ɗan uwansa, a ɗakin aikin kuma a ƙara masa hefarin, shi ma maganin tsinka jini ne. Ka ga ke nan mutum ne da aka tsinka jininsa da gangan, sannan aka huda masa jijiya. Duk gardamar hannu da cinya a kan wannan hudar take.

Jijiyar matsematsi, wato wadda ake hudawa in ta cinya za a shiga, babba ce, faɗinta ya kai milimita takwas ko kusa da haka, hanyarta kuma miƙaƙƙiya ce zuwa ƙirji da wuya. Likitoci suna son ta, a kanta yawancinsu suka koyi aiki. Matsalarta zurfi. Idan hudar ta ɗan yi sama, jini zai iya zuba ta bayan ciki ba wanda ya gani, zanin gado fes, ba ɗigo ko ɗaya. Sai dai ki ji majinyaci na cewa bayansa na ciwo, ya yi fari fat, zufa ta keto masa, awon jininsa na sauka. Ba kasafai yake faruwa ba, amma duk nas da ta taɓa gani ba ta mantawa. Saboda haka ne muke yawan ɗaga bargo muna latsa wurin, muna taɓa bayan ƙafa mu ji bugun jini.

Sai kwanciya. Ko da an toshe hudar da abin toshewa irin su Angio-Seal, sai mutum ya kwanta flat ƙafa a miƙe na awa biyu ko fiye, in da hannu aka danne kuma ya kan kai awa shida. Fitsari a fo, tari ma sai ka dafe wurin. Dattijo mai ciwon baya wannan kwanciyar ta fi aikin kansa damunsa. Ga aske wurin, ga buɗewa a duba kowane lokaci. Iyayenmu mata kun san su da kunya, wata ta gwammace ta yi shiru da ciwo da a ɗaga mata zani.

Bari in matso da kamara ku ga wannan. Wannan robar mai kama da agogo, da ita muke rufe hudar wuyan hannu. Kun ga 'yar jakar iskar nan a ciki? Sirinji ake sawa a hura ta, ta danne jijiya a jikin ƙashi. Roba ce garai-garai, ko ɗigo ɗaya ya fito ina gani. Bayan ɗan lokaci sai in riƙa zuƙe iskar kaɗan-kaɗan, in jini ya leƙo in mayar. Majinyaci na farfaɗowa daga allurar barci zai iya zama, ya sha shayi, a raka shi banɗaki da ƙafarsa. Kuma hannu jijiya biyu ke shayar da shi, ta gefen babban yatsa da ta gefen ƙaramin yatsa, in ɗaya ta samu matsala ɗayar na ɗaukar nauyi.

Likitocin zuciya ne suka fara bin wannan hanya. Lucien Campeau ya yi hoton jijiyoyin zuciya ta wuyan hannu a Montiriyal a 1989, Ferdinand Kiemeneij kuma ya fara buɗe su da sa musu raga ta nan a Amstadam a farkon shekarun 1990. Daga baya aka yi manyan gwaje-gwaje, RIVAL a 2011 da mutum sama da 7,000, MATRIX a 2015 da sama da 8,000, aka ga matsalar wurin huda ta fi ƙaranci ta hannu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun makara, sai wajen ƙarshen shekarun 2010 abin ya kankama a wurinsu, kuma yawancin hujjarsu daga bibiyar bayanan majinyatan da aka riga aka yi wa aiki ne, ba irin wancan babban gwajin ba.

Makarar tasu da dalili. Jijiyar wuyan hannu milimita biyu ce zuwa uku, ta mata ma ta fi siranta, ragar nan kuma tiyo uku take bukata, wani cikin wani: babba ya tsaya a wuya ya zama madogara, matsakaici ya haura, ƙarami ya ɗauki ragar. Jijiyar kuma akwai saurin fushi, an taɓa ta sai ta tsuke ta riƙe tiyo gam. Shi ya sa ake zuba mata maganin da ke sa jijiya ta saki, verapamil ko nitroglycerin, tun da fari. Sannan ga kwana. Wanda ya taho daga cinya yana fuskantar jijiyoyin wuya kai tsaye. Wanda ya taho daga hannun dama kuwa sai ya gangara ƙirji ya juyo sama, kamar tirela za ta yi kwana a lungu. Akwai tiyo mai lanƙwasa da ake kira Simmons don wannan juyin, amma jijiyar wuya ta hagu takan ba da wuya. Ragar na da tauri, idan ana tura ta madogarar ba ta zauna daram ba, komai sai ya zamo baya. A wajen mutum ɗaya cikin ɗari ma jijiyar hannun dama ta wata hanya dabam ta fito tun halitta, su cinya ta fi musu sauƙi. In kuwa kumburin a jijiyoyin ƙeya yake, hannu ne gajeriyar hanya. Wani lokaci jijiyar hannun kan toshe bayan aiki, galibi mutum ba ya ma sani, amma ga mai ciwon ƙoda da wataƙila zai bukaci wankin ƙoda nan gaba, wannan jijiyar dukiya ce, ba a taɓa ta da wasa.

Ɗan uwa, in ra'ayina kake so, in hoton jijiyoyin Hajiya ya nuna hanya a buɗe take, likitan kuma ya saba da hannu, ni hannu zan zaɓa wa mahaifiyata. Amma ba zan matsa wa likitan da ya ƙware ta cinya ya canza hanya a kanta ba, don haɗarin da ya fi girma a cikin kai yake, wurin shimfiɗa ragar. Ku tambaye shi ta ina ya fi yin wannan aikin, me kuma ya gani a hoton da ya sa ya zaɓi hanyar. Ku kuma sanar da Hajiya tun da wuri cewa ko ta hannu aka shirya, akan share matsematsi a ajiye, in hannu ya ƙi a koma can, kada ta farka ta ga filasta a cinya ta ɗauka wani abu ya ɓaci.

In ta hannun aka yi, kwanaki kaɗan ban da ɗaukar kaya masu nauyi, ban da wanki da daka, wajen sujada ma ta lallaɓa kada ta dogara a kansa. Maganar alwala da filasta ku tambayi nas ɗin ranar sallama. Kafin ku baro Indiya ku karɓi magungunan tsinka jinin da za su isa watanni, tare da takarda mai sunan ragar da ranar komawa hoto, yawanci bayan wata shida. Ko haƙori za a cire mata a gida, kada wani ya ce ta dakatar da ƙwayoyin nan sai an ji daga likitan da ya sa ragar. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in sha Allahu.