Sharhi: Dandamali a Sansanin 'Yan Gudun Hijira

Masu saurare, da an ambaci ɗan gudun hijira, tanti da layin karɓar abinci ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Ba mu musa ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma wanda ya tsere daga gidansa cikin dare ba ciki kaɗai ya zo da shi ba. Ya zo da harshensa, da waƙarsa, da wani labari da ya tokare masa maƙogwaro.

A sansanin Dzaleka na ƙasar Malawi, wani mawaƙi ɗan Kongo, Menes La Plume, ya kafa bikin Tumaini a 2014. Sunan na nufin fata nagari da harshen Suwahili. Dubban mutane ke shigowa daga waje don kallon kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, wasunsu har su kwana a gidajen 'yan gudun hijirar su biya kuɗin masauki. Ku duba fa, wanda aka saba miƙa wa taimako shi ne yau mai masaukin baƙi! A ƙasar da doka ta taƙaita musu neman aiki a wajen sansani, wannan kuɗi ba abin rainawa ba ne.

A birnin Amman na ƙasar Jodan kuma, a 2013, wasu matan Siriya 'yan gudun hijira da ba su taɓa hawa dandamali ba suka ɗauki wani tsohon wasan Girkawa mai shekara fiye da 2,400, kan matan da yaƙi ya cinye wa gari, suka saƙa nasu labaran a ciki. Abin da baki ya kasa faɗa wa ma'aikacin agaji mai riƙe da fom, sai ga shi ya fito a gaban jama'a.

Inda nake da ja shi ne a mai da hawayen mutum hajar neman tallafi. Ƙungiya ta kawo shi, ya maimaita yadda aka kashe ɗansa, a tafa, a watse, shi kuwa ya koma tanti da ciwon da aka fama masa. Wannan ba daidai ba ne. Shi ya kamata ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai bari a ransa, a kuma biya shi ladan aikinsa kamar kowane ɗan wasa. Kafin a kunna kyamara a nemi izininsa, domin da yawansu suna da 'yan uwa can gida da bidiyo ɗaya a intanet zai iya jefawa cikin haɗari.