A23a: Yadda Ake Bin Sawun Dutsen Ƙanƙara Daga Ɓallewarsa Har Wargajewarsa

A shekarar 1986, wani makeken yanki ya tsage ya rabu da shimfiɗar ƙanƙara ta Filchner, a nahiyar Antatika, wato ƙanƙarar da ta gangaro daga tudu ta shimfiɗu a kan teku. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 4,000, wato ya ɗara Jihar Legas. Kuma ba shi kaɗai ya tafi ba: a bayansa akwai sansanin bincike na Tarayyar Sobiyet mai suna Druzhnaya 1, da ɗakunansa da kayan aikinsa. Sai a shekara mai zuwa Sobiyet suka tura mutane suka je suka kwaso kayansu. Wannan dutse shi ne A23a, kuma shi za mu bi yau, domin a tafiyarsa akwai kusan duk abin da masana suka koya game da yawon irin waɗannan duwatsu.

Mu fara da sunan. Wata cibiyar gwamnatin Amurka mai lura da ƙanƙarar teku, da ke Suitland a Jihar Maryland, ita ce ke raɗa musu suna. Ta kasa Antatika gida huɗu, A da B da C da D. Harafin farko yana nuna ɓangaren da aka fara ganin dutsen, lambar kuma tana nuna na nawa ne a jerin ɓangaren. Idan ya tsage, kowane ɓari sai a ƙara masa harafi, babban ya ɗauki "a". Ba kowane curi ne ke samun suna ba. Sai wanda tsawonsa ya kai mil 10 na ma'aunin teku, kusan kilomita 18 da rabi, ko faɗinsa ya kai murabba'in mil 20. Ku riƙe wannan ƙa'ida, za ta yi mana amfani a gaba.

To, A23a bai yi nisa ba ya tsaya. Ƙasansa ya tokare da ƙasan Tekun Weddell da ke gefen Antatika, ya kafe a wurin fiye da shekara 30. Tarayyar Sobiyet ta rushe yana nan. Dalilin kafewar yana cikin nauyin ƙanƙara: mita guda ta ko'ina na ƙanƙara yana da nauyin kilo 917, na ruwan teku kuwa kusan kilo 1,025. Bambancin kaɗan ne, shi ya sa kusan kashi 9 cikin 10 na dutsen yake nutse, abin da ido ke gani ɗan kai ne kawai. Kaurin A23a ya kai kusan mita 280. Abu mai wannan zurfi, duk inda teku bai yi zurfi sosai ba, sai ya maƙale. A hankali ruwa ya riƙa cin ƙasansa har ya yi sauƙi ya ɗago, a 2020 ya fara motsi.

Ta yaya aka san ya motsa, alhali babu mai zama a wurin?

Daga sama ake kallonsa. Akwai taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoto kamar yadda ido ke gani, irin su Terra da Aqua da Landsat na Amurka. Hotunansu ne kuke gani masu kyau, fari fat a kan baƙin ruwa. Matsalarsu biyu ce. Gajimare ya cika rufe Tekun Kudu, sannan lokacin hunturu a can ana yin watanni rana ba ta fito ba. Nan ne rada ke shigowa. Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, ba ya jiran hasken rana. Shi da kansa yake aika siginar rediyo ƙasa, ya auna abin da ya dawo. Siginar tana ratsa gajimare, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta, kuma dutsen ƙanƙara yakan mayar da ita da ƙarfi fiye da ruwan da ke kewaye da shi, sai ya fito fili a hoton. Idan aka jera hotunan makonni, sai a ga hanyar da ya bi da saurinsa da inda ya fara tsagewa.

Wannan ya ba mu faɗi da wuri. Kauri kuwa aikin wasu taurarin ne, CryoSat-2 da ICESat-2. Suna auna tsayin abin da ya fito saman ruwa, na farko da rada, na biyu da hasken leza. Da an san tsayin na sama, lissafi zai ba da na ƙasa, a kuma san yawan abin da ya narke tsakanin awo da awo. Jami'ar Brigham Young da ke Utah tana ajiye da rumbun bayanan hanyoyin da manyan duwatsun suka bi, wanda ya koma baya har 1978.

A ce an ɗora waɗannan hanyoyi a kan juna a taswira guda. Za ku ga ba yawon banza suke yi ba. Tun da yawancin jikinsu a ruwa yake, kwararar teku ta fi iska iko da su. A bakin gaɓar Antatika ruwan yamma yake nufa, sai ya kai su Tekun Weddell, inda ruwa ke zagayawa ya tura su arewa ta gefen dogon zirin ƙasar nan da ya miƙa yana fuskantar Kudancin Amurka. Daga nan su faɗa babbar kwararar da ke kewaye nahiyar gaba ɗaya, ta kwashe su gabas, wajen tsibirin Jojiya ta Kudu. Mafi yawan manyan duwatsun Antatika ta wannan titi suke fita.

A23a ma shi ya bi. Ƙarshen 2023 ya wuce ƙarshen zirin, har jirgin binciken Birtaniya mai suna Sir David Attenborough ya riske shi a watan Disamba, masana suka ɗebi ruwan gefensa. Kowa ya ɗauka daga nan sai arewa.

Sai ya tsaya yana juyawa a wuri ɗaya.

A 2024, arewa da tsibiran Orkney ta Kudu, hotuna suka nuna shi yana juyi kusan digiri 15 a kowace rana, zagaye guda cikin kwana 24 ke nan. Wannan karon bai taɓa ƙasa ba, tsakaninsa da ƙasan teku akwai ruwa mai yawa. Abin da ya faru shi ne, a ƙarƙashinsa akwai wani tudu mai suna Pirie Bank. Idan ruwa mai gudu ya ci karo da tudu irin wannan a duniyar da ita ma take juyawa, sai ya rabu ya kewaye shi, ruwan da ke saman tudun kuma ya zama ginshiƙi mai juyawa daga ƙasa har sama. Masanin Birtaniya G. I. Taylor ne ya yi bayanin wannan tun shekarun 1920, ana kiran abin da sunansa. Abin da ɗalibai ke gwadawa a ɗan bahon ruwa a ɗakin gwaji, ga shi ya riƙe abu mai nauyin tan kusan tiriliyan guda har watanni. Ni dai a duk labarin nan wannan ne ya fi ba ni mamaki. Sai a Disambar 2024 ya kuɓuta, a watan Maris na 2025 kuma ya sake kafewa, kimanin kilomita 70 daga Jojiya ta Kudu.

Tsibirin nan shi ne abin fargaba. Miliyoyin tsuntsayen fengwin da dabbobin ruwa da ake kira sil a nan suke haihuwa, iyaye na fita teku neman abinci su dawo su ciyar da 'ya'ya. Idan dutse ya tare hanya, tafiya ta yi tsawo, 'ya'ya su mutu da yunwa. An taɓa gani. B15, wanda ya ɓalle daga shimfiɗar Ross a Maris na 2000, shi ne mafi girma da tauraron ɗan'adam ya taɓa aunawa, kusan murabba'in kilomita 11,000. Babban ɓarinsa ya toshe mashigar McMurdo, fengwin ɗin yankin suka sha wahala shekaru.

B15 ɗin nan ya kuma koya wa masana wani abu game da fashewa. Sun dasa na'urar auna girgiza a bayan babban ɓarinsa. A Oktoban 2005 ya tarwatse kusa da Cape Adare da ke gaɓar Antatika, da suka duba bayanan sai suka ga wata doguwar igiyar ruwa ta iso daidai lokacin, wadda suka bi asalinta har zuwa wata guguwa a Tekun Alaska, fiye da kilomita 13,000 daga wurin, kwana 6 kafin nan. Suna ganin tana da hannu a fashewar, tare da gogar ƙasa da dutsen ke yi.

Amma yawanci ɗumi ne ke gamawa da su, ta hanyoyi da ke taimakon juna. Igiyar ruwa tana sassaƙe gefen dutsen daidai bakin ruwa, na sama ya rufto, a bar wani dandamali a nutse. Dandamalin yana so ya taso, ƙarfin tasowar ya karya gefen gaba ɗaya. A sama kuma rana na narkar da ƙanƙara ta taru tafki-tafki, ruwan ya shige tsaga, da yake ya fi ƙanƙara nauyi sai ya riƙa buɗe tsagar har ƙasa. Shi ya sa ƙarshen yake zuwa da sauri. A68, wanda ya ɓalle daga shimfiɗar Larsen C a Yulin 2017 da faɗin murabba'in kilomita 5,800, ya iso kusa da Jojiya ta Kudu a Disambar 2020 har yanzu da girmansa, kafin ƙarshen Afrilun 2021 ya wargaje. Masana a Jami'ar Leeds sun ƙiyasta ya zuba tan biliyan 152 na ruwan daɗi a kewayen tsibirin. A23a ma da ya sake ɗagowa haka ta faru da shi: zuwa Satumbar 2025 ya rasa fiye da rabin girmansa, wani mai suna D15A ya karɓe kambun mafi girma.

Wani zai tambaya ko wannan narkewa na ƙara cikar teku. Ƙanƙarar da ke yawo a kofin zoɓo idan ta narke kofin ba ya tumbatsa, domin tun tana daskare ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta. Ba kuma kowace ɓallewa ce za a ɗora wa sauyin yanayi ba, shimfiɗun nan sun saba zubar da gefensu. Inda ya kamata a zuba ido shi ne abin da aka bari a baya. Shimfiɗar ita ke tokare kogunan ƙanƙara da ke gangarowa daga tudu. Da shimfiɗar Larsen B ta ruguje cikin makonni a 2002, kogunan da ke bayanta suka ninka gudu, wannan ƙanƙarar ta tudu kuwa ita ce ke ƙara ruwan teku.

Yanzu mu koma ga ƙa'idar mil 10. Da ɓari ya gaza wannan, cibiyar Amurka takan cire shi daga jerinta. Ga matuƙin jirgi kuwa, a lokacin ne hatsarin ya fi yawa. Dutse mai faɗin gari ana hango shi daga nesa a kauce masa. Dubban gutsattsarin da ya bari, wasu ba su fi ɗaki ba, da ƙyar suke fitowa saman ruwa, kuma radar jirgi takan rasa su cikin igiya. Dutsen da ya nutsar da jirgin Titanic a Afrilun 1912 ba zai taɓa samun suna a wannan jeri ba. Bayan hatsarin ne aka kafa sintirin ƙanƙara na ƙasa da ƙasa a 1914, wanda dakarun tsaron gaɓar Amurka ke gudanarwa har yau, suna lura da duwatsun da ke gangarowa daga Girinlan zuwa gabashin Kanada, suna zana wa jirage iyakar inda ƙanƙara ta kai. A kewayen Jojiya ta Kudu, jiragen kamun kifi da na masu yawon buɗe ido suna karɓar hotunan tauraron ɗan'adam, amma idan dare ya yi sai sun rage gudu, su kunna manyan fitilu, su sa mutum a gaba yana duba ruwa da idonsa.