Ka sallami yaro, ka goge sunansa, amma Microsoft na ci gaba da cire kuɗinsa?

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan tambaya ɗaya ke ta yawo tsakanin masu injin casar shinkafa na wajen Hadejia da masu sayen riɗi a Maigatari: kaka ta wuce, an sallami akawunan da aka ɗauka aikin wucin gadi, an goge sunayensu a kwamfuta, amma wata na ƙarewa sai alat ya shigo an cire kuɗi cif kamar na da. Wasu har sun fara tsine wa banki. Bankin nan dai ba ruwansa, ku matso ku gani.

Microsoft 365, wato Word da Excel ɗin da ake biya wata-wata, haya ce ake biya kan kowane mutum ɗaya, kuma farashin dala yake bi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura 1,500 a 2024, kowa ya san yadda abin ke cizo.

To ga inda ake yin kuskuren, ku kalli allon nan da kyau. Wannan shafin ma'aikata ne a Microsoft 365 admin center, wato inda mai kamfani ke kula da asusunsa. Na danna sunan yaron, na goge shi, ya tafi. Alhaji sai ya rufe kwamfuta ya ce shi ke nan an huta. Ina! Mutumin ka cire, lasin ɗinsa na nan daram. Kamar ka kama rumfa goma a kasuwa ne, yara huɗu suka tashi, rumfunan na nan babu kowa ciki amma ai sunanka ne a littafin mai karɓar haya, goma zai ci gaba da karɓa har ranar da ka je da ƙafarka ka ce shida nake so.

Yanzu ku biyo ni. Nan gefe, inda aka rubuta Billing, sai Your products, ka danna wanda kake biya. Kun ga lambobin nan biyu? Ɗaya adadin da ka saya, ɗaya waɗanda ake amfani da su. Goma, shida. Huɗun nan da ke tsakani su ne ke shan jininka. Ka danna Remove licenses, ka rubuta shida, ka adana. Bari in maimaita a hankali saboda masu kallo a ƙaramar waya... goma, ta koma shida.

Sai dai akwai tarko. In yarjejeniyar shekara ka shiga, kwana 7 kacal ake ba ka bayan saye ko sabuntawa ka rage adadi, in sun wuce sai shekara ta zagayo. Kafin nan kar ka sayi sabo in ka ɗauki wani ma'aikaci, ka ɗora shi kan wanda ke zaune banza. Ni a ganina duk wanda aikinsa na kaka ne, wata uku an watse, a saya masa na wata-wata, ya ɗan fi tsada amma in ya tafi ka cire lasin ɗinsa, watan na ƙarewa kuɗin ma sun tsaya. Kuma don Allah kafin ka goge mutum ka kwashe fayilolinsa, kwana 30 ake ajiye su, kar lissafin buhunan bara ya bi shi.

Sauran da gudu. Mai shigar da lissafi kawai ba ya buƙatar tsarin Business Standard mai tsada, ƙaramin tsarin Basic ya ishe shi in akwai sabis mai kyau, don a intanet yake aiki. Inda sabis sai an hau tudu, ga LibreOffice, kyauta ne halak malak, yana buɗe fayil ɗin Word da Excel ba tare da data ba. Google Docs ma kyauta ne ga mai Gmail, da wurin ajiya giga 15. Mai son ya biya sau ɗaya ya huta, akwai Office 2024.

Wancan Office ɗin kuma da yaron shagon waya ke saka maka a dubu biyu yana cewa orijinal ne har abada... hmm, kwamfutar da ke ɗauke da lissafin bashin mutane ce fa, ni dai ba zan saka ba.

Ranar sabuntawar tana nan ƙasan shafin da na nuna, kun gan ta? Ku ɗauki hotonta yanzu, ku sa wayarku ta tuna muku saura sati.