Me ya sa gaɓar da aka dasa take girgiɗi bayan shekaru?

Jama'a barkanmu da warhaka. Mutum ne aka canza masa gaɓar ƙugu ko ta gwiwa aka sa masa ta ƙarfe, ya yi shekara goma sha yana tafiyarsa lafiya lau, sai a wayi gari likita ya ce abin ya fara girgiɗi. Bai faɗi ba, ƙwayar cuta ma ba ta shiga ba. Toh me ya faru?

Ku kalli na ƙugu. Ƙwallo ne na ƙarfe ko na tangaran yana juyawa cikin wani kofi mai shimfiɗar roba mai tauri, polietilin sunanta. Duk taku sai sun gogi juna, kuma a shekara gaɓar kan yi wannan gugar sau miliyan ɗaya zuwa biyu. Kamar dai yadda ƙasan takalmi yake cinyewa, sai dai shi takalmi a hanya yake zubar da garinsa, wannan kuwa a cikin jiki yake taruwa, ba shi da mafita. Ɓurɓushin ƙanana ne sosai, yawanci ba su kai maikiron ɗaya ba, wato a kasa milimita gida 1000 a ɗauki ɗaya.

A nan ne fa matsalar take, don ƙanƙantar tasu daidai take da ta ƙwayar cuta. Akwai sojojin garkuwar jiki da ake kira makrofej, aikinsu haɗiye baƙon abu su narkar da shi. Sai su zo su haɗiye robar, amma ina, ba ta narkewa, su kuma ba su san haƙura ba, sai su yi ta sakin sinadaran kumburi irinsu TNF da IL-1 suna neman ɗauki, wasu su zo su ma su haɗiya su kasa, gari kuma kullum sabo na zuwa tunda mutum bai daina tafiya ba.

Shi ƙashi dama rayayye ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Masu rushewa su ne ostiyokilas, masu gini ostiyobilas. Waɗancan sinadarai suna ƙara yawan wani saƙo mai suna RANKL wanda shi ke tayar da masu rushewa, ga masu ginin kuma an kashe musu gwiwa. Shikenan sai ƙashin da ya riƙe dashen ya riƙa zaizayewa kamar gara ta shiga azara. Likitoci na cewa ostiyolaisis. Da riƙon ya yi sanyi sai ƙarfen ya fara motsi kaɗan-kaɗan, motsin ya ƙara buɗe hanya, ruwan gaɓa ya tura garin can ciki.

An daɗe ana fama da wannan. John Charnley, likitan Ingila da ya kafa dashen ƙugu na zamani, da wata roba mai suna Teflon ya fara, ta cinye cikin ƴan shekaru, dole ya koma polietilin a 1962. Daga baya ma simintin da ake manne ƙarfen a jikin ƙashi da shi aka riƙa zargi har ana cewa ciwon siminti, sai aka ga wanda ba siminti ma ƙashin na cinyewa. An gwada ƙarfe kan ƙarfe don a guje wa roba, shi kuma ya zo da garin kobalt da kuromiyam da ke lalata naman wajen har ya shiga jini, wani samfurin sai da aka janye shi daga kasuwa a 2010. Abin da ya kawo sauƙi na gaske shi ne robar da aka ƙara wa ƙarfi da haske mai ratsa jiki a ƙarshen shekarun 1990, cinyewarta ta ragu ƙwarai.

Wallahi abin da ya fi damuna shi ne shiru abin yake yi. Ƙashi zai iya cinyewa shekara da shekaru ba ciwo ko kaɗan, hoton eksire ma wani lokaci sai ɓarnar ta yi nisa yake nunawa, hoton sitisikan (CT scan) ya fi shi gani. Don Allah in kana da dashe, ko mahaifiyarka ce, a riƙa komawa ranar da likita ya sa ko da ana jin garau. In an gano da wuri wani lokaci robar kawai za a canza, in kuwa an bari sai an cire komai, a yi cikon ƙashi, sannan a nemi inda sabon ƙarfen zai kama.