Bayan an buɗe majami'a, wa ke riƙe da mai bishara?

Shugaban taro, ubanninmu limamai, dattawa, iyayenmu mata na Zumunta, da matasa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. An ce in yi magana kan kafa sababbin ikilisiyoyi da yadda za mu riƙa tallafa wa juna. Zan fi tsayawa kan abin da ke faruwa bayan an gama bikin buɗe majami'a, motocin baƙi sun kama hanyar gida.

Tarihin farko kusan kowa a nan ya haddace shi. A 1893 'yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Bingham kaɗai ya rage, kuma sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi. Wanda ba mu cika faɗa ba shi ne, ikilisiyoyi da yawa a ƙasar Tangale da Filato da Kudancin Kaduna 'yan ƙasa ne suka kafa su. Mutum ya yi 'yar makarantar Baibul da Hausa, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa a 1932, ya ɗauki matarsa da fartanyarsa, ya je ya roƙi mai gari wurin zama. Tun a ƙarshen shekarun 1940, kafin ECWA, ikilisiyar da ta fito daga wannan aikin mishan, ta tsaya da ƙafarta a 1954, masu bi sun riga sun haɗa ƙungiyar aika nasu 'yan mishan, wadda daga baya ta zama EMS. Rabaran Panya Baba ya karɓi ragamarta a 1970, kuma a hannunsa aikin ya bazu ƙwarai. Manoma ne suka ɗauki nauyin masu bisharar farko, da damin dawa da kwabon baiko. Iyayenmu ba su kai mu kuɗi ba, amma sun riƙe waɗanda suka aika.

To, yau fa? Ikilisiyar birni takan yanke shawarar buɗe sabon fili. Matasa su tafi da janareta da majigi, a kwana uku ana wa'azi, wasu su ba da gaskiya. A tara gudummawa, a gina ɗakin addu'a, a buga kwano, a kawo mai bishara, a ɗauki hotuna a sa a Facebook. Duk wannan abin godiya ne. Amma ku bi ni mu koma garin bayan wata shida. An kawo bawan Allah nan damina ta riga ta yi nisa, bai samu gona ba, don haka awo yake yi kamar ɗan birni. Ɗan abin da aka yi alkawarin aiko masa duk wata ya makara. Da asuba yakan buga ƙarfen tayar mota da ya rataye a jikin bishiya, mutum takwas ko goma su fito addu'a. Da yamma ya koya wa manya karatu. Idan naƙuda ta yi wa wata gardama cikin dare, ƙofarsa ake bugawa, don shi ke da babur, ko da yake sau da yawa babu mai a ciki. Ɗansa na gida an koro shi saboda kuɗin makaranta. In ya daure shekara biyu sai ya nemi canji, a rufe ɗakin da kwaɗo, mu kuma mu rubuta a rahoto cewa filin yana da wuya. 'Yan'uwa, mu muke kiran kanmu uwar ikilisiya, kuma uwa ba ta gama aiki ranar haihuwa, reno ke gabanta.

Ku buɗe Filibiyawa sura 4. Bulus ya ce lokacin da ya bar Makidoniya, ba ikilisiyar da ta yi tarayya da shi wajen bayarwa da karɓa sai su. Ko yana Tasalonika sun aika masa ba sau ɗaya ba. Da aka ɗaure shi kuma, ba su tsaya ga saƙo ba, sun tashi mutum, Abafroditus, ya je ya zauna da shi har ciwo ya kusa kashe shi a can. Yaushe rabon da dattijo daga ikilisiyarku ya je ya kwana a ɗakin mai bisharar da kuka aika, ya ci tuwon gidansa, ya sha ruwan da 'ya'yansa ke sha?

Bari in yi tambaya. Wanda aka yi wa baftisma a rafin ƙauye, ya ɗaga hannu. Ku waiwaya ku gani. Majami'unmu na Kaduna da Jos da Abuja da Sabon Garin Kano cike suke da 'ya'yan ƙauye. Ikilisiyar ƙauye ce ta koya musu karatu da addu'a, da suka yi ƙarfi suka taho birni, zakkarsu ta biyo su, aka bar tsofaffi da yara a can. A Romawa 15:27, da Bulus ke zancen gudummawar da aka tara wa matalautan Urushalima, ya ce bashi ne a kan waɗanda suka bayar. Namu ma haka yake. Ni dai raina yakan ɓaci in na ga mai bishara ya yini a bakin ofishin ma'aji yana jiran abin da hakkinsa ne, kamar mai bara.

Sai dai taimako ma yana iya lalata aiki. In kuka zo da komai, har kujera da kwanon baiko, mutanen garin za su ce majami'ar 'yan birni ce, ko rufi ya yaye sai su zauna jiranku. Ku bar su su yi bulo, su ɗebo ruwa, ku ku kawo kwano da katako. In tsohuwa ta kawo kaza ranar godiya, a karɓa da hannu biyu, a rubuta. A nuna musu lissafi, a kuma naɗa dattawa daga cikinsu da wuri, yadda Bulus da Barnaba suka yi a Ayyukan Manzanni 14:23.

Akwai kuma kishin ɗarika. Sai ka tarar da majami'u uku a ƙaramin gari suna jan mutum ashirin ɗin nan, alhali garuruwan gaba ba kowa. Mun san haɗa kai: TEKAN, wato Tarayyar Ikilisiyoyin Kiristi a Nijeriya, na nan tun 1955, shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya haɗa ɗariku wajen wa'azi tun shekarun 1960, kuma da Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi a 2014, gidajen masu bi na wasu ɗariku sun buɗe wa 'yan gudun hijira ƙofa. Bai kamata sai wuta ta tashi za mu tambayi maƙwabci inda yake aiki ba.

Roƙona ga dattawa: kafin ku buɗe wani sabon fili, ku zauna ku rubuta shekaru nawa za ku riƙe shi. Ku nemo gona tun da rani, ku sa albashin mai bishara a sahu ɗaya da na babban limami, a biya su rana ɗaya. Iyayenmu mata kuma, ku nemi sunan matar mai bisharar da kuka aika da lambar wayarta, ku kira ta cikin makon nan, ku tambaye ta 'ya'yanta nawa ke makaranta, nawa ke zaune a gida.