Amsoshin Tambayoyinku: Ƙafafun Ƙarfe da Yumɓu

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga Kafanchan take, wata uwa ce ta rubuto. Ta ce wani mai wa'azi ya gaya musu cewa ƙafafun gunkin da Sarki Nebukadnezzar ya gani a mafarki, a Daniyel sura 2, Tarayyar Turai ake nufi. Tana tambaya ko haka ne.

Mama, mun gode. Gunkin nan kansa zinariya ne, ƙirjinsa azurfa, cikinsa tagulla, ƙafafunsa baƙin ƙarfe, sawayensa kuwa ƙarfe ne gauraye da yumɓu. Kan kaɗai Daniyel ya kira da suna, ya ce Nebukadnezzar na Babila ne. Saura bai ambaci sunansu ba, ko yatsun ma bai ƙirga su ba.

Ku dubi mai ginin tukwane. In ta cusa guntun ƙarfe cikin ɗanyen yumɓu, zai zauna daram kamar sun zama ɗaya. Bari tukunyar ta bushe, sai tsaga ta bayyana daidai wurin. Abin da aya ta 43 ke faɗa ke nan: za su nemi haɗuwa ta auratayya, amma ba za su manne ba.

Tarihi ya nuna irin wannan ƙarara. Bayan Iskandari Mai Girma, sarkin Girkawa, ya mutu a Babila a 323 kafin haihuwar Almasihu, hafsoshinsa suka raba daular. Gidan Tolemi ya riƙe Masar, gidan Selukus ya riƙe Siriya, suna ta gwabzawa. Wajen 252 aka nemi sulhu, sarkin Masar ya aurar da 'yarsa Berenike ga Antiyokus na biyu, sarkin Siriya, shi kuma ya ture uwargidansa Lawodike. A 246 sarakunan biyu suka mutu, aka kashe Berenike da ɗanta, yaƙi ya dawo sabo fil. Ku buɗe Daniyel 11:6, za ku ga labarin.

Shi ya sa wasu malamai ke cewa waɗannan gidaje biyu ne ƙafafun. Da yawa kuma, tun iyayen ikkilisiya na farko, sun ce Roma ce da abin da ya ɓalle daga cikinta. Ni dai, Mama, ba zan hau bagadi in ce Turai ce ba, domin nassi bai faɗa ba. Kafin Lahadi ku karanta aya ta 44 da 45, inda dutsen da ba hannu ya sare shi ba ya farfasa gunkin nan, sannan ku sake rubuto mana.