Kocin da ke wanke rigunan 'yan wasanta

A 1974, jami'ar Tennessee ta Amurka ta damƙa ƙungiyar ƙwallon kwandonta ta mata a hannun wata 'yar shekara 22, wadda duniya ta sani daga baya da suna Pat Summitt. Albashinta dala 250 a wata. Ita ce koci, ita ke tuƙa motar da ke kai su wasa, in an tashi kuma ta kwashe rigunan da suka jiƙe da gumi ta wanke.

Shekara biyu kafin nan aka kafa dokar Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita namiji a kan mace. Dokar ta samar wa 'yan mata filin wasa, amma cika shi da 'yan kallo sai da irin su Summitt suka zage damtse. Shekara 38 ta yi a kujerar, ta ci wasa 1,098, ta ɗauki kofin ƙasa sau 8. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk 'yar wasan da ta ƙare wa'adinta a hannunta sai da ta fita da digiri.

Sai dai akwai abin takaici. A farkon shekarun 1970, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata na dukkan wasanni a jami'o'in Amurka, mata ne ke horar da su. Da kuɗi suka shigo, aikin ya yi maiƙo, sai maza suka yi masa caa. Yau matan ba su kai rabi ba.

Shi ya sa nake girmama abin da Dawn Staley, kocin ƙwallon kwandon mata ta jami'ar South Carolina, ta yi. A al'adarsu, wanda ya ci kofi yakan yanke ragar kwandon ya ajiye. Carolyn Peck, baƙar mace ta farko da ta ci kofin a matsayin koci a 1999, ta ba Staley ɗan guntun ragarta tun ba ta ci kofin ba. Staley ta ɗauki nata kofin a 2017, daga baya ta yayyanka ragarta ta aika wa sauran baƙaƙen mata masu horar da ƙungiyoyin jami'o'i.

A 2024, sama da mutum miliyan 18 suka kalli 'yan wasan Staley suna doke jami'ar Iowa a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, adadin da ya zarce na wasan maza a shekarar.